Sarakunan Nubiya da Aka Binne da Dawakansu

Wanda ya bi Kogin Nilu da jirgin ruwa a farkon ƙarni na 20, in ya wuce gumakan Abu Simbel ya doshi iyakar Sudan, abin da zai fara ɗaukar idonsa a gaɓar gabas shi ne kangon Jabal Adda. Tsohon gari ne mai ganuwa a bisa dutse, rufin ɗakunansa duk ya rufta, ba kowa ciki sai iska da ƙura. Gaba kaɗan, hagu da dama na kogin, ga wasu tuddai a jere kamar ƙore a kife. Na yamma suna bayan ƙauyen Ballana, na gabas kuma a Kustul. Mafi girmansu ya kai mita 77 a faɗi, tsayinsa mita 12.

Matafiya sun daɗe suna ganinsu suna wucewa. Johann Ludwig Burckhardt, ɗan ƙasar Suwizalan da ya yi yawo da sunan Shaihu Ibrahim, ya ambace su lokacin da ya ratsa yankin a 1813. Marubuciyar Ingila Amelia Edwards ta gan su a 1874, ta yi zargin hannun mutum ne ya tara su. Amma ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne tarin laka ne da yashi da kogi da iska suka bari, don haka babu wanda ya ga dalilin ɓata kuɗi a kansu.

Madatsar ruwa ce ta sa aka waiwaye su. An gama tsohuwar madatsar Aswan a 1902, aka ƙara mata tsawo tsakanin 1907 da 1912, sannan gwamnatin Masar ta yanke shawarar sake ɗaga ta a 1929. Wannan karon ruwan zai koma baya har iyakar Sudan. Sai hukumar kula da kayan tarihi ta tura ayari ya bi gaɓar kogin ya tone abin da zai iya kafin ruwa ya ci. Jagoran ayarin, Walter Emery, mutumin Liverpool ne da bai cika shekara 30 ba. Mataimakinsa Laurence Kirwan ya fi shi ƙuruciya. Tare da su akwai matasan Misirawa, cikinsu har da Zaki Saad, wanda daga baya ya yi suna da tonon Helwan, da likita Ahmed Batrawi, wanda aikinsa shi ne duba ƙasusuwan mutane.

A watan Nuwamba na 1931 suka iso ƙarshen yankin da aka ba su, kuɗin aiki ya kusa ƙarewa. A jikin ɗaya daga cikin manyan tuddan Kustul, wanda suka sa wa lamba 3, suka lura da wani ɗan kwari a gefe. Da aka share yashin sai ga rami siriri ya nufi ƙarƙashin tudun. Hanyar ɓarayi ce ta ɗaruruwan shekaru. Suka bi ta da rarrafe har suka faɗa cikin ɗakunan bulo da aka wawashe, ƙasusuwa a warwatse, tukwane a farfashe. Ɓarayin sun riga su, amma dai gardama ta ƙare, kabari ne.

Abin da ɓarayin ba su sani ba, ko kuma ba su damu da shi ba, shi ne ƙofar gaba. Su ta baya suka shigo, kai tsaye zuwa inda gawa take. Da Emery ya sa aka yanka tudun daga sama, sai aka tarar da wata gangara da aka haƙa tana sauka zuwa bakin kabarin, kuma babu wanda ya taɓa ta tun ranar jana'iza. Farkon abin da ya fito shi ne kawunan gatari biyu na baƙin ƙarfe. Bayansu sai wani abu na azurfa mai nauyi wanda aka ɗan jima ana juya shi kafin a gane linzami ne. Daga nan sai ga dawakan kansu.

Suna kwance a kan gangarar inda suka faɗi, da saran gatari a ƙoƙon kai. An yi musu ado kamar na ranar hawa: sirdi na katako da fata an lulluɓe ƙwacciyarsa da azurfa, jalala mai launi, ragama ta sarƙar azurfa da aka jera wa faifai masu zanen zaki, wasu da duwatsu a tsakiya, ga ƙararrawar tagulla a wuya da tuntaye. Linzamin yana da ƙananan siffofin zaki a inda ƙarfen baki ya haɗu da sauran, kuma an yi shi yadda ja ɗaya zai matse muƙamuƙin doki na ƙasa. Duk wanda ya taɓa zama a barga ya san irin wannan linzami, wanda ke tsayar da ingarma cak a tsakiyar sukuwa. Likkafa ce kaɗai babu, domin a lokacin ba ta iso wannan sashe na duniya ba. Kusa da dawakan akwai raƙuma da jakuna da karnuka. Akwai kuma mutane. 'Yan bargan da suka jawo dabbobin zuwa ramin ba su koma gida ba, kuma an sami wasunsu da ragowar igiya a wuya.

Ƙasar Kustul busasshiya ce, shi ya sa fata da katako da tufafi suka tsira. A cikin tulin ƙasar tudu na 3 an tsinci garkuwar fata mai ado, da masu, da wani allon wasa na katako da aka yi wa ado da hauren giwa, 'ya'yan wasansa a cikin jakar fata, tare da ɗan akwatin da ake jefa ƙwayoyin caca ta cikinsa don kada mai jefawa ya yi maguɗi. Irin wannan wasa Rumawa ke yi a gidajensu da sansanonin sojansu. A kabari na 14 kuwa, a wajen ɗakin gawa, aka ga wata yarinya. Jikinta ya bushe bai ruɓe ba, har ana iya ganin yankan da aka yi mata a maƙogwaro. Kusa da ita akwai kayanta, da jakar fata, da 'yan kunne da awarwaro da zobba. A wannan kabarin ne aka sami kuɗin tagulla na Sarkin Rum Valens, wanda ya yi mulki daga 364 zuwa 378 Miladiyya, abin da ya ba masu tonon turken farko na ƙidayar shekaru.

A ƙetaren kogi labarin ya sha bamban. Ballana na da damshi, ruwa ya jiƙa ƙasan kaburburan, fata da katako sun narke. Amma wannan damshin, tare da nauyin ƙasar da aka tara a sama, shi ya sa rufin bulo na wasu ɗakunan ya rufta tun da wuri, ya toshe wa ɓarayi hanya. A kabari na 80, da na 95, da na 118, an tarar da masu kabarin yadda aka kwantar da su. Sarki na kan ragowar gadon katako, kambinsa a kai, makamansa a kusa: takobi, manyan masu, abin kare hannu na azurfa da maharba ke ɗaurawa, da zoben dutse da ake sawa a babban yatsa don jan tsirkiya. A wasu kaburburan ga mace kwance a ɗaki ɗaya da shi, ita ma da nata kambin. A bakin ƙofa ga bawa, ga sa da aka yanka. Sauran ɗakunan kuma rumbuna ne: tulunan giya jere-jere, tukwanen girki, fitilun tagulla, kujeru masu naɗewa, ma'auni da duwatsun awo, kayan sassaƙa da na ƙira, har da curin baƙin ƙarfe da ba a sarrafa ba. Wanda ya shirya wannan kaya bai ɗauka mamacin zai zauna hannu rabbana a inda za shi ba.

Kambunan su suka fi jan hankali. Faffaɗan zobe ne na azurfa da aka dasa wa jajayen duwatsun aƙiƙ. A jikin zoben an buga siffofin Isis, allahiyar mutanen Masar na dā, ko shaho na Horus, ko idon nan da suke ɗauka kariya ce. A saman wasu akwai jerin macizai masu fasa kai, kowanne da faifan rana, a tsakiya kuma kan rago mai ƙaho da dogayen fuka-fukai a bisansa, alamar Amun. Waɗannan alamu sun girmi masu kambin da shekaru dubbai. Fir'aunoni sun sa su, sarakunan Kush na Napata da Merowe sun gada. To amma a lokacin da maƙerin Ballana ke buga su a azurfa, babu sauran mai iya rubuta tsohon rubutun Fir'auna. Rubutu na ƙarshe da aka sani da shi an sassaƙa shi a tsibirin Filae a 394.

A ɗakin da ke maƙwabtaka da kambin Isis kuma sai ga cokulan azurfa, da kaskon turare, da fitilu masu alamar gicciye, kayan da ba su da maraba da na majami'un Masar ta zamanin Rumawa. Ga kuma farantin azurfa mai siffar Hermes, gunkin Girkawa. Wasu kayan ganima ne, don mutanen kudu sun sha kai hari garuruwa da gidajen ibada na Masar ta Sama. Wasu kyauta ce ta sarauta, wasu ciniki. Sarkin bai ga wani saɓani ba. Abin da ke da kyau da daraja ya tara, ko daga wane ɗaki ya fito.

Su wane ne waɗannan mutane? Tun 1907 Ba'amurke George Reisner ya ci karo da irin tukwanensu da ƙananan kaburburansu a arewacin Nubiya, da ya rasa sunan da zai ba su sai ya kira su rukunin X. Sunan ya bi su shekaru da yawa, kuma ya yi musu illa, domin ya sa ana kallonsu kamar wasu baƙi da suka faɗo daga sama a zamanin duhu. Emery ya tsaya kai da fata cewa Bilemiyawa ne, mutanen hamadar gabas waɗanda akasarin masana ke ɗauka kakannin Beja ne na yankin Kasala da Bahar Maliya a yau. Kirwan ya ce a'a, Nobadawa ne, masu magana da tsohon harshen Nubiya. Sun yi aiki a rami ɗaya, sun fitar da rahoton tonon a 1938, amma ba su daidaita ba. Yau mafi yawan masana suna bayan Kirwan, kuma sun bi shawarar Bruce Trigger ta kiran wannan zamani da sunan Ballana. Ƙididdigar da aka fi yarda da ita ta ce an fara binne sarakunan a Kustul wajen 380, aka koma Ballana wajen 420, aka ci gaba har kusan 500.

Zamani ne da manyan dauloli biyu suka ja da baya a lokaci guda. Marubucin Rumawa Procopius ya ce Sarki Diocletian, a ƙarshen ƙarni na 3, ya ga harajin da ake samu kudu da Aswan bai kai kuɗin ciyar da sojan da ke tsaronsa ba, sai ya janye iyaka zuwa Aswan, ya bar wa Nobadawa ƙasar, ya kuma yanka musu kuɗin shekara su da Bilemiyawa don su zauna lafiya. A kudu kuma daular Merowe ta wargaje wajen tsakiyar ƙarni na 4. Tsakanin biyun aka bar kogi mai tsawon ɗaruruwan kilomita, da hanyar fatauci, da garuruwa masu ganuwa a kan duwatsu, ba mai iko. Masu doki da baka suka cike gurbin.

Ɗaya daga cikinsu ya bar sunansa. A bangon haikalin Kalabsha akwai rubutu da Girkanci mai karyayyen nahawu, inda wani Silko ya kira kansa sarkin Nobadawa da dukan mutanen kudu, ya ce ya yaƙi Bilemiyawa sau da dama, Allah ya ba shi nasara, ya kore su daga garuruwan kogi. Kirari ne irin na mai jin ƙarfi, har da yi wa sauran sarakuna gorin cewa ba ya barin su zauna a inuwa. Kusa da rubutun an zana mahayi sanye da sulke irin na sojan Rum yana soke abokin gaba da mashi, a kansa kuwa kambi mai ƙahon rago irin na Fir'auna. Wanda ya ga kayan Ballana zai gane mutumin nan take.

An daɗe ana jin bakin Silko kaɗai. Sai a 1976, a wani kangon kuma, aka ji ɗaya ɓangaren. Kasr Ibrim gari ne a kan tsauni mai gangare a gabashin kogi, arewa da Abu Simbel. Sojan Rum sun riƙe shi wajen shekara ta 23 kafin Miladiyya lokacin yaƙinsu da sarauniyar Merowe, daga baya ya zama mazaunin bishop, Turkawan Usmaniyya suka ajiye dakaru a cikinsa a ƙarni na 16, aka watse daga cikinsa wajen 1812. Ruwan sama ba ya sauka a wurin, don haka juji ma taska ne. A cikin ɗakin ajiyar wani gida masu tono na ƙungiyar Egypt Exploration Society suka sami wasiƙu a naɗe. Ɗaya daga Fonen ce, sarkin Bilemiyawa, zuwa ga Aburni, sarkin Nobadawa da ya zo bayan Silko. Fonen na kuka ne. Ya ce an nemi tumaki da shanu da raƙuma a bakin sulhu, ya bayar, amma aka ci amanarsa, aka kashe ɗan'uwansa, aka riƙe ƙasar. Yana roƙon a mayar masa da ƙasarsa da gumakan haikalinsa. Sauran wasiƙun da Kibɗanci aka rubuta su zuwa ga wani basaraken Nobadawa mai suna Tantani, ɗaya daga kwamandan sojan Rum na iyaka. Ashe mutanen da aka yi wa laƙabi da X suna da magatakarda, suna aika wasiƙa da harsuna biyu, suna ƙulla yarjejeniya suna warwarewa kamar kowace fada.

Yarjejeniyar da ta fi shahara ita ce ta wajen 452, bayan da janar ɗin Rum Maximinus ya ci Nobadawa da Bilemiyawa da yaƙi. An yi sulhu na shekara 100, kuma cikin sharuɗɗan har da barinsu su riƙa ziyartar haikalin Isis a Filae, su ari gunkinta su kai ƙasarsu a jirgin ruwa, su dawo da shi. Daular da ta riga ta zama ta Kirista, ta rufe haikalan gumaka a ko'ina, ita ce ta sa hannu a kan wannan saboda zaman lafiyar iyaka. Isis ɗin da ke kan kambin Ballana ke nan, ba ado kawai ba ce.

Sai dai ƙyallin azurfar bai kamata ya rufe abin da ke kan gangarar ba. Binne bayi da mata tare da sarki tsohuwar al'ada ce a wannan kogi. A Karma, fiye da shekara 1,500 kafin Miladiyya, an binne ɗaruruwan mutane a kabarin sarki guda. Sarakunan Kustul da Ballana ba su kai wannan adadi ba, amma sun riƙe al'adar a zamanin da suke cin abinci da cokali mai gicciye. Rahotannin tonon sun ba kowane kambi da kowace fitila lamba da hoto da bayani mai tsawo. 'Yan bargan da yarinyar kabari na 14 kuwa, abin da aka iya rubutawa a kansu shi ne jinsi, da kimanin shekaru, da yadda suka kwanta. Sarakunan ma ba su tsira da suna ba, domin ba a sami rubutun da ya ce ga wanda ke cikin wane kabari ba. Wasu masana na ganin ɗaya daga manyan kaburburan Ballana na Silko ne. Game da fadarsu kuma ra'ayi ya kasu tsakanin Jabal Adda, da ke kallon maƙabartun biyu, da Faras, 'yar tafiya kaɗan a kudu cikin Sudan, wadda ta zama babban birnin Nobadiya daga baya.

Al'adar ta mutu cikin sauri. Sarki Justinian ya sa aka rufe haikalin Filae wajen 537, aka kwashe gumakan zuwa Kustantiniya. A 543 wani limamin Kirista mai suna Julian, wanda Sarauniya Theodora ta turo, ya iso Nobadiya, sarki da fadawansa suka karɓi addinin. Daga nan aka daina tara tudu, aka daina yanka doki, manya da ƙanana aka koma binne su a likkafani ba kaya. Abin da bai mutu ba shi ne baka. Da rundunar Musulmi ta Abdullahi ɗan Sa'ad ɗan Abi Sarh ta kai Dongola a 652, ta tarar da maharban da marubutan Larabawa suka yi wa laƙabi da masu harbin ƙwayar ido. Aka ƙare da yarjejeniyar Baƙt, wadda ta yi aiki kusan shekara 600.

Emery ya tone kabari 61 a Kustul da 122 a Ballana cikin 'yan shekarun da suka rage masa na aikin, aka loda kayan a jirgi zuwa gidan tarihi na Alƙahira. A ƙarshen shekarun 1950 Shafik Farid ya tone wasu tuddan da suka saura a Ballana. Sannan babbar madatsar Aswan ta zo, wadda aka fara a 1960. UNESCO ta yi kira, duniya ta taru aka yanka haikalan Abu Simbel gunduwa-gunduwa aka hau da su tudu, Jamusawa suka kwashe Kalabsha da rubutun Silko suka sake gina shi kusa da madatsar. Nicholas Millet ya yi 'yan shekaru yana tonon Jabal Adda a gurguje. Tudun ƙasa kuwa ba ya ɗaukuwa.

Tsakanin 1963 da 1964 aka kwashe Nubiyawan Masar kimanin 50,000 zuwa sababbin gidaje a yankin Kom Ombo, nesa da bakin kogi, 'yan'uwansu na Wadi Halfa kuma aka kai su Khashm al-Girba a gabashin Sudan. Mutanen Ballana da na Kustul sun sa wa sababbin ƙauyukansu tsofaffin sunayen. Tafkin Nasir da madatsar ta haifar ya rufe maƙabartun biyu, da Jabal Adda, da Faras. Wasu daga kambunan da kayan dawakin suna Gidan Tarihin Nubiya da aka buɗe a Aswan a 1997, inda aka ɗora linzamin azurfa da ƙararrawa a jikin mutum-mutumin doki don a ga yadda suke zama. Kasr Ibrim kaɗai ya rage a inda yake, tsaunin ya koma tsibiri, kuma jiragen 'yan yawon buɗe ido kan tsaya a gefensa a kalli ganuwar daga kan ruwa, domin an hana sauka.